Tashar Jirgin Ƙasa ta Kumasi: Tasowarta da Koma Bayanta

Masu kallo, wannan layin dogo da kuke gani ya ratsa tsakanin rumfunan 'yan kasuwa a tsakiyar Kumasi, shi ne ya fara haɗa ƙasar Asante da bakin teku. Turawan Ingila sun soma shimfiɗa shi daga Sekondi a 1898, idonsu yana kan zinariyar Tarkwa da Obuasi. Ya isa Tarkwa a 1901, sannan ya shigo Kumasi a 1903, shekara uku kacal bayan yaƙin da Yaa Asantewaa, wata basarakiyar Asante, ta jagoranta a kan Turawan, a lokacin da Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya yake tsare a tsibiran Seychelles. Layin gabas kuwa, wanda ya taso daga Accra ya bi ta Nsawam da Koforidua, bai iso ba sai 1923, zamanin Gwamna Guggisberg, kuma daga nan ne tashar ta zama mahaɗar layuka biyu.

Ko da yake zinariya ce ta jawo dogon, koko da katako da goro ne suka raya tashar. Kafin zuwan jirgi, fatake Hausawa kan ɗora goro a kan jakuna su nufi arewa ta hanyar Gwanja, su shafe watanni kafin su ga Kano. Da tasha ta buɗe, sai 'yan kasuwar Zango suka juya akalar cinikin zuwa kudu: a naɗe goro cikin ɗanyen ganye, a ɗaure huhu, a loda a tarago zuwa gaɓar teku, daga can jirgin ruwa ya sauke shi a Legas. Ga kayan da ke lalacewa idan ya bushe, wannan ragin kwanaki ba ƙaramar riba ba ce.

Koma bayan ya zo ne sannu a hankali. Manyan motoci sun ƙwace lodin koko, kayan gyara suka yi wuya tun daga shekarun 1970, tsofaffin layukan kuma suka ci gaba da lalacewa, har aka wayi gari jirgin dare mai ɗakunan kwana da ke zuwa Takoradi, maƙwabciyar Sekondi, ya daina tashi. Yau masu sayar da gwanjo da kayan miya ne ke baje kolinsu a kan ƙarafan. Sabon dogon da Ghana ta buɗe a 2024 tsakanin Tema da Mpakadan ya fi wannan faɗi, domin tsohon layin Kumasi milimita 1,067 ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe, saboda haka jiragen zamani ba za su shigo wannan tasha ba sai an tone shi an shimfiɗa wani.