Sharar gona: me ya kamata a yi da tsibin sassabe kafin saukar damina?

Assalamu alaikum, jama'a masu kallo. Duk wanda ya bi ta ƙauyukan Gezawa ko Ringim ko Gumel a watan Afrilu zai ga hayaƙi yana tashi nan da can a gonaki, tun daga hantsi har bayan la'asar. Lokacin sharar gona ke nan. An sassabe sabara da kalgo da geza da suka tofo bayan girbi, an tumɓuke tushiyar gero da ta dawa, an tattara da manjagara an yi tsibi-tsibi, saura kawai a ƙyasta ashana. Kafin a ƙyasta ɗin ne muke so mu tsaya tare da ku a gaban tsibi guda, mu ga abin da ke cikinsa.

Wannan da kuke gani ya kwana biyu a tare, don haka ba a sa masa hannu kai tsaye. A zafin bazara, ƙarƙashin tsibi wuri ne mai inuwa da sanyi, kuma nan kububuwa da kunama suke fakewa. Manomi ya sa dogon takalmin roba, ya tsaya daga nesa ya daddaki tsibin da doguwar sanda, sannan ya riƙa janyo rassan ta gefe ɗaya, ya bar wa duk abin da ke ciki hanyar fita ta ɗaya gefen. Yara kuwa kada a tura su wannan aiki su kaɗai.

Idan aka baje shi, za a ga ashe kaya iri-iri ne aka cakuɗa. Rassan da suka kai kaurin yatsa biyu zuwa sama itacen girki ne, kuma a yadda itace da gawayi suka yi tsada yanzu, ƙona su a fili asara ce da uwargida ba za ta yafe ba. Masu ƙaya, irin su magarya da aduwa da sarƙaƙiya, su ne shingen da ake kewaye lambu ko ɗan dashen mangwaro da shi saboda awaki. Kara mai kyau ya tafi danga ko abincin dabbobi. Abin da ya rage, wato ganye da ƙananan tsinke da ɓurɓushin kara, shi ne aka fi rainawa, alhali shi ƙasa ta fi buƙata.

Yawancin gonakin tudu a wannan yanki rairayi ne, irin ƙasar da ake kira jigawa, wadda jihar Jigawa ma ta samo sunanta daga gare ta. Irin wannan ƙasa ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki, sai idan akwai ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi a cikinta. Idan aka cinna wa tsibi wuta, sinadarin naitirojin da ke cikin ganyen, wanda shi ne muke zuwa kasuwa mu saya a buhun yuriya, kusan duka yana bin hayaƙi ya tafi. Gaskiya ne toka tana barin fotash da wasu sinadarai, shi ya sa wani lokaci ake ganin shuka ta yi kyau a gurbin toyi, kuma manoman da suke kafa hujja da wannan ba ƙarya suke yi ba. Sai dai gurbin bai wuce faɗin tabarma ba, an kwashe abincin gona guda an tara masa, kuma iskar da take zuwa gabanin ruwan farko takan kwashe rabonta na tokar ta kai gonar wani.

Hanya mafi sauƙi ita ce a mayar da wannan ganye inda gona ta fi gajiya. Kusan kowace gona tana da fako, wurin da ƙasa ta daskare ruwa yake bi ta kai ya wuce. A shimfiɗa rassan sabara da ganyensu a wurin, a ɗan danne da ƙasa don kada iska ta ɗauke. Gara za ta zo ta ci, kuma a nan garar alheri ce, domin ramukan da take haƙawa su ne ƙofofin da ruwa zai bi ya shiga. Rassan kuma suna tare rairayi da ƙurar da iska ta ɗebo. Haka nan inda ruwa ya fara yanka ƙaramin kwazazzabo, a kafa turaku a gicciye, a cusa rassa a tsakaninsu a matse, ruwan zai rage gudu ya ajiye ƙasar da ya ɗauko. Wanda yake da dabbobi da ruwa a kusa yana iya haƙa rami ya riƙa jera ganye da kashin dabbobi da 'yar toka hawa-hawa, yana yayyafa ruwa yana juyawa, har ya zama taki.

Akwai kuma wata tambayar da ta riga wannan: dole ne a sare komai? Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram a Jamhuriyar Nijar sun sauya salon sassabe tun cikin shekarun 1980, suna kiransa sassaben zamani. Maimakon a share kututture ƙarƙaf, sai a zaɓi tofo biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a yanke sauran, a riƙa yi musu aski duk shekara. Da haka itatuwa suka dawo a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5. Bincike a ƙasar Senegal ma ya nuna cewa saiwar sabara tana janyo danshi daga can ƙasa cikin dare, geron da ke kusa da ita ya amfana. Gawo kuwa kowa ya san shi, yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa shuka inuwa. Wanda ya bi wannan hanya, tsibinsa ma raguwa yake yi.

Duk da haka akwai abin da wuta ce maganinsa. Ƙuduji, wanda wasu suke kira wuta-wuta, idan ya riga ya yi 'ya'ya, ba a sa shi a ramin taki, domin ƙwayarsa tana shekaru a ƙasa tana jiran gero ko dawa. Haka karan da tsutsa ta huda, saboda a cikinsa take kwana rani ta fito da damina. Waɗannan a ware su a ƙona.

Idan za a yi toyin, a yi tsibin ƙarami, nesa da itatuwa da danga da rumbu da inda aka ɗora harawa, a kankare ciyawa a kewayensa taku huɗu ko biyar har sai ƙasa ta fito fili. A zaɓi sassafe ko dab da magariba lokacin da iska ta kwanta, a sanar da maƙwabtan gona, a tanadi shebur da ɗanyun rassan darbejiya na bugun wuta. Ba a zuba fetur, ba a jefa leda ko tsohuwar taya ko robar maganin feshi, domin hayaƙinsu guba ne, musamman ga yara da masu asma. Idan gonar tana bakin titi, a duba inda hayaƙin zai nufa saboda direbobi. Tun shekarar 2011 akwai ƙa'idojin tarayya a kan ƙona daji da toyi a fili ƙarƙashin NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, kuma malaman gona na hukumomin bunƙasa noma na jiha, wato KNARDA a Kano da JARDA a Jigawa, suna iya ba da shawara.

Ni kaina na taɓa ganin abin da sakaci yake jawowa. Wata shekara a gonarmu aka kunna tsibi da rana tsaka, aka ga ya cinye aka tafi sallar azahar. Guguwa ta taso ta ɗebi garwashi ta watsa a kan harawar maƙwabcinmu da ya ɗora a kan bishiya, kafin mutane su iso ta ƙone ƙurmus. Sai da magana ta kai gaban mai unguwa aka biya, kuma an daɗe ana gaisuwa sama-sama.

Saboda haka ba a barin wurin sai an tona tokar da shebur an tabbatar babu jan garwashi a ƙasanta, an rufe da rairayi. Washegari, idan ta huce, a kwashe ta a barbaza a sassan gonar da suka fi rauni, a ɗan ja ƙasa a kai da fartanya yadda iska ba za ta ɗauke ta ba kafin ruwan shuka ya sauka.