Sharhin Manazarta da Ɗokin Fim ɗin Soyayya a Indiya

A Indiya ranar Juma'a ake sakin sabbin finafinai, kuma kafin rana ta raba tsaka hukuncin masu sharhi ya riga ya karaɗe wayoyin jama'a. Taran Adarsh ya shahara da taƙaita ra'ayinsa a kalma guda tare da adadin taurari cikin biyar, yayin da irin su Shubhra Gupta ta jaridar Indian Express da Anupama Chopra ke bin labari, da wasan jarumai, da aikin darakta dalla-dalla. Abin da za mu duba a wannan bidiyo shi ne irin tasirin da wannan hukunci ke yi a kan ɗokin masu kallo, musamman idan fim ɗin na soyayya ne.

Ɗokin farko dai ba daga masu sharhi yake fitowa ba. Makonni kafin fim ya fita, kamfani kan saki waƙoƙinsa ɗaya bayan ɗaya, matasa su haddace su, su ɗora su a kan gajerun bidiyoyinsu, sannan a buɗe sayar da tikiti a manhajoji irin su BookMyShow tun babu wanda ya ga fim ɗin. Saiyaara, wanda Mohit Suri ya ba da umarni kuma kamfanin Yash Raj Films ya fitar ranar 18 ga Yuli, 2025, ya nuna haka ƙarara. Jarumansa biyu, Ahaan Panday da Aneet Padda, sababbin fuskoki ne, kuma da gangan aka hana su yawon hira da 'yan jarida, amma waƙar fim ɗin ta riga ta shiga zukata, har ya tara sama da rupi miliyan 200 a ranar farko a cikin Indiya kaɗai. Yawancin waɗanda suka cika sinima a wannan safiya ba su karanta sharhin kowa ba.

Mai sharhi yana samun bakin magana ne wajen wanda bai yanke shawara ba. Ku ɗauki magidanci a Mumbai da ke son kai iyalinsa kallo ranar Lahadi. Idan ya lissafa tikitin mutum huɗu a babban gidan sinima, da kuɗin mota, da gugguru da lemon da yara za su nema, sai ya ga ba kuɗin da zai yi kasada da su ba ne, don haka zai buɗe waya ya ga abin da aka ce. Yana son ya sani ko jaruman sun dace da juna, ko labarin ya yi sanyi bayan hutun rabin lokaci, da kuma ko akwai abin da zai ji kunyar gani a gaban 'ya'yansa. Irin waɗannan mutane ne ke sa ciniki ya tashi ko ya faɗi tsakanin Asabar da Litinin, kuma 'yan kasuwar fim sun ɗauki Litinin a matsayin ranar jarrabawa ta gaskiya. Shi ya sa da yammacin Juma'a za ku ga kamfani ya tsinto kalmomin yabo biyu ko uku daga dogon sharhi, ya jera su da taurari a kan hoton talla, ya bar sukar a inda take.

Wani lokaci kuma sukar ce ke ƙara wa wutar itace. Lokacin da Kabir Singh ya fita a watan Yunin 2019, da Shahid Kapoor da Kiara Advani, manazarta da yawa sun yi masa ca, suna cewa ya ƙawata saurayi mai zafin rai da shaye-shaye, wanda ke mallake budurwarsa har da mari, ya kira hakan soyayya. Daraktan, Sandeep Reddy Vanga, ya fito ya kare fim ɗinsa, muhawara ta ƙara zafi, mutane kuwa suka yi ta tururuwa don su gani da idonsu, har fim ɗin ya tara sama da rupi biliyan 2.7 a Indiya. A ganina wannan ciniki bai ƙaryata masu sukar ba. Sun yi aikinsu, domin sun sa matasa da dama sun shiga sinima da tambayar da ba za su yi ba in da yabo kawai suka ji.

Abin da ya fi raunana tasirin sharhi shi ne zargin cewa ana sayen wasu taurarin da masu sharhi ke bayarwa da kuɗi. Ana cikin wannan ƙorafi ne kamfanin Dharma Productions na Karan Johar ya sanar a 2024 cewa ya daina nuna wa 'yan jarida finafinansa kafin ranar fita. Mai kallo a Kano ko Maraɗi, wanda sau da yawa adadin taurarin kawai ke isowa gare shi kafin fassarar Hausa ta fito, ya kamata ya san da wannan, ya nemi dalilan da mai sharhin ya kawo.

Akwai kuma tasirin da ba ya bayyana sai bayan shekaru. Laila Majnu, wanda Sajid Ali ya ɗauko daga tsohon labarin Laila da Majnun ya mayar da shi Kashmir ta wannan zamani, ya sami yabon masu sharhi da dama a 2018, musamman a kan wasan Avinash Tiwary, amma sinima ta kasance wayam, aka janye shi cikin ɗan lokaci. Yabon bai ɓace ba, ya zauna a intanet yana jan masu kallo ɗaya bayan ɗaya, kuma da jarumar fim ɗin, Triptii Dimri, ta yi suna daga baya, sai aka sake sakinsa a watan Agustan 2024, ya tara fiye da abin da ya samu a fitowarsa ta farko. Sanam Teri Kasam na 2016 ya bi wata hanyar dabam, domin shi bai burge yawancin manazarta ba, kuma bai yi ciniki ba. Masoya waƙoƙinsa ne suka riƙe shi shekara da shekaru a talabijin da YouTube, suna roƙon a dawo da shi, kuma da aka mayar da shi sinima a watan Fabrairun 2025, ya ninka cinikinsa na farko sau da yawa.