Karatun laifi da hukunci a jami'ar coci: abin da za ka samo can, da wanda sai a gida

Wani tsohon jami'in gidan yari ne ya gabatar da wannan lacca a Zuru, jihar Kebbi, gaban ɗaliban da suka gama sakandare da iyayensu. An rubuto ta daga faifan da aka naɗa, an rage gaishe-gaishe.

Assalamu alaikum. Iyayena, malamai, 'ya'yana, sannunku da zuwa.

Kafin in hau nan wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, yarona na son karanta ilimin laifuka da tsaro, amma gurbin da ya samu a jami'ar coci ne. In bar shi?" Na san a zauren nan akwai Musulmi akwai Kirista, kamar yadda muke a gidajenmu na ƙasar Zuru, don haka kowa zan yi wa magana.

Mu fara da abin da ke ruɗa yara. Wannan karatu ba ya mayar da mutum lauya. Mai son tsayawa gaban alƙali da baƙar riga sai ya yi digirin shari'a, ya wuce makarantar horar da lauyoyi. Shi wannan fanni yana bin mutum ne tun daga abin da ya jefa shi cikin laifi, zuwa hannun ɗan sanda, zuwa kotu, zuwa wurinmu gandirobobi, har ranar da zai fito ya koma cikin mutane. Masu shi kan yi aikin ɗan sanda, kwastan, shige da fice, gidan gyaran hali, ko bincike.

Jami'o'in coci kuwa ba baƙi ba ne. Babcock ta 'yan Adbantis a jihar Ogun tana cikin na farko da aka ba lasisi a 1999. Akwai Bowen ta Baftis a Iwo, akwai Bingham ta ECWA a Karu, jihar Nasarawa, wadda aka kafa a 2005, shekarar da Musulmi suka samu Al-Qalam a Katsina da Al-Hikmah a Ilorin. Dukkansu hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ke tantance kwasa-kwasansu. Ka tabbatar an amince da kwas ɗin a makarantar da ka zaɓa kafin ka biya ko sisi.

To me Kiristoci suka kawo wa wannan fanni? Abu mai yawa, kuma ni Musulmi ne nake faɗa muku. A 1829 aka buɗe wani gidan yari a Filadelfiya ta Amurka bisa tunanin masu neman gyara, cikinsu har da 'yan ɗarikar Kweka. Suka ce a daina bulala da wulaƙanci, a sa kowane fursuna ɗaki shi kaɗai da Littafi Mai Tsarki, ya yi nadama ya tuba. Niyyar mai kyau ce. Amma kaɗaici ya riƙa taɓa ƙwaƙwalwar mutane, har aka watsar da tsarin a 1913. Wanda ya taɓa buɗe ƙofar ɗakin horo ya ga idon mutumin da ya yi mako guda ba wanda ya ce masa uffan, ya san abin da nake nufi.

Sai 1974, a wani ƙaramin gari a Kanada, samari biyu suka yi ɓarna a wurare 22 cikin dare ɗaya. Wani jami'i ɗan ɗarikar Menonait ya roƙi alƙali a kai su ƙofa-ƙofa, su dubi waɗanda suka cuta, su biya. Daga nan tsarin sasanta mai laifi da wanda aka zalunta ya bazu a duniya, har ana koyar da shi a jami'a. Ranar da na fara karanta wannan, zuciyata ta koma zauren mai unguwarmu. Ai sulhu ke nan! Ai aya ta 178 a Suratul Baƙara, bayan ta ambaci ƙisasi, ta buɗe ƙofar afuwa da diyya. Yaron da ya je can ya ji wannan darasi zai gane darajar abin da ya baro a gida.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Dokar da za ka yi aiki da ita a Kebbi ba ita ce ake fi nazari a Kudu ba. Su can Kiriminal Kod suke bi, ta 1916. Mu Final Kod ce, wadda gwamnatin Sardauna ta kafa a 1959 ta fara aiki a 1960, an ɗauko ta daga dokar Sudan, ita kuma daga ta Indiya ta 1860. Sannan tun da Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau ranar 27 ga Oktoba, 1999, jihohi goma sha biyu, har da tamu, suna da kotunan da ke hukunta Musulmi bisa mazhabar Malikiyya. Kada ka sa rai jami'ar coci za ta zaunar da kai kan haddi da ta'aziri, wato hukuncin da aka bar wa alƙali ya ƙaddara, ko kan ƙa'idar nan cewa ana kawar da haddi idan akwai shubuha. Kai Bulus, kai Musa, duk wanda zai yi aiki a ofishin 'yan sanda na Birnin Kebbi ko Argungu, wannan ilimi dole ne a kansa. In ba a ba ka a aji ba, ka nemi malami lokacin hutu.

Baba mai tambaya, ga taka amsar. Yawancin makarantun nan suna wajabta halartar sujada a coci ga duk ɗalibi, kuma yaro kan sa hannu a takardar amincewa ranar rajista. Sashe na 38 na tsarin mulki ya hana tilasta wa ɗalibi ibadar addinin da ba nasa ba, amma gara ka yi tambaya tun farko da ka yi ƙara daga baya. Ka je da ƙafarka. Ka karanta littafin dokokinsu. Ina zai yi salla? Za a bar shi ya fita Juma'a? Yaya sahur a watan azumi? In amsar ta kwanta maka, ka sa masa albarka. In ba ta kwanta ba, jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana da wannan kwas. Iyaye Kiristoci masu tura 'ya'ya jami'ar Musulunci, irin tambayar nan taku ce ku ma.

Abin da ya sa na damu shi ne wani yaro da aka kawo mana kan zargin satar akuya. Takardunsa suka ɓace tsakanin ofis da kotu. Ya yi shekara biyu yana jiran shari'a, fiye da abin da za a ɗaure shi ko da an same shi da laifi. Uwarsa na zuwa da fura a ƙwarya, tana tambayata yaushe. Fiye da rabin mutanen da ke tsare a ƙasar nan irinsa ne, ba a yanke musu hukunci ba. Alhali sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama uba ko mata a madadin wanda ake nema. Dokar 2019, wadda ta sauya mana suna zuwa hukumar gyaran hali, ta tanadi hukuncin yi wa al'umma aiki maimakon ɗauri. Duk suna nan a rubuce, kuma yaron ya kwana 700 da ɗoriya a hannunmu.

Saboda haka kafin ku cike fam ɗin JAMB, kowannenku ya je kotun majistare ya zauna safiya ɗaya, washegari ya je kotun shari'a. Ba a biyan kuɗin shiga. Ku dubi fuskar wanda ke cikin akwatin tuhuma, ku dubi wadda ke zaune a bencin baya tana jiransa.

Na ga Hajiya ta ɗaga hannu can baya. A miƙa mata abin magana.