Gayya a Bakin Kogin Mersey: Jawabi ga 'Yan Ƙungiya a Manchester

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaba, iyayenmu dattawa, malamai, 'yan'uwa maza da mata, na gode da kuka ba ni wannan dama.

Na tashi ne in roƙi ƙungiyarmu ta ware Asabar ɗaya a kowane wata domin aikin gayya a bakin kogin Mersey da ƙoramun da ke zuba a cikinsa. Da yawanmu muna kai yara shan iska Chorlton Water Park, amma a farkon shekarun 1980 kogin da ke wucewa ta gefen wurin yana cikin mafiya ƙazanta a Turai saboda dagwalon masana'antu da na masai. A 1985 aka ƙaddamar da shirin tsabtace shi na shekara 25, kuma kafin wa'adin ya cika har kifin salmon ya dawo. Hukuma da kamfanoni sun zuba kuɗi, sai dai kula da gaɓar kogin har gobe yana buƙatar hannun 'yan sa-kai, kuma a gaskiya ba na jin daɗin ƙarancin fuskokinmu a cikinsu.

Aikin watan Yuni shi ne tuge wata ciyawa mai suna Himalayan balsam, wadda aka shigo da ita Ingila a 1839 don ƙawata lambu. Tsayinta kan wuce na mutum, tana danne tsirran asali, kuma guda ɗaya tana iya fitar da iri ɗari takwas, da zarar kwanso ya nuna sai ya fashe ya watsa su, ruwa ya kwashe zuwa gaba. Idan hunturu ya kashe ta, sai gaɓa ta zauna tsirara, ambaliya ta zaizaye ƙasa. Duk wanda ya fito daga Haɗejiya ko Nguru ya san yadda kacalla ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye fadamun manoma da masunta, don haka ba sai na yi masa dogon bayani ba. Sauƙin ita balsam kuwa shi ne saiwarta ba ta da zurfi, ko yaro zai iya tuge ta, amma dole a tuge ta kafin ta zubar da iri.

Daga Nuwamba zuwa Maris kuma lokacin dashe ne, kuma ƙungiyar City of Trees tana karɓar masu son dasa itatuwa a unguwanninmu. Akwai sanyi da taɓo, ba zan ɓoye muku ba.

Ina roƙon iyayenmu mata su taho da yara, domin yawancinsu sun ji kalmar gayya a bakinmu kawai, ba su taɓa ganin ta da ido ba. Za mu fara da hantsi mu tashi kafin azahar. Takardar rubuta suna tana wurin sakatare, kuma wanda yake da mota ya nuna yawan mutanen da zai iya ɗauka. Allah Ya ba mu iko. Wassalamu alaikum.