Rawayen malam-buɗe-littafi a bakin rafin Kanching

Jama'a, ku tsaya, kada kowa ya motsa! Ku dubi ƙasa nan, gefen yashin da ya jiƙe. Kun ga wannan rawayen da ya taru wuri ɗaya? Wallahi ba furanni ba ne, malam-buɗe-littafi ne, jingim. Nan Kanching ne, kusa da Rawang, arewa da Kuala Lumpur, a ƙasar Malesiya. Ruwan da ke gangarowa daga dutse na zo ɗauka muku, motar hayar Grab ta karɓe min ringit ɗina, kuɗin ƙasar nan, masu yawa, amma ga abin da ya tsayar da ni.

Bari in matso da kyamara. Ɗan ƙarami ne, fiffikensa a buɗe bai wuce santimita 5 ba, ruwan ɗorawa, da baƙin layi a bakin fiffiken sama. Masana suna kiransa Eurema hecabe, wani masanin halittu, Linnaeus, ne ya raɗa masa suna tun 1758. Ba ya tashi sama, a kan ciyawa yake yawonsa.

Galibin waɗannan da ke kan laka maza ne. Gishiri suke tsotsa, kamar yadda shanu ke lasar kanwa, in sun sadu da mace su ba ta, ya shiga ƙwanta. Shi ya sa suke son gumi. Ga ɗaya nan ya sauka a bayan hannuna, yana miƙe dogon bakinsa, ko kunya babu!

Wani ɗan Malesiya da ke kusa ya ga ina ta murna, ya ce ai a ƙasarku babu irin wannan. Na ce masa malam, yi a hankali! Daga Afirka har Ostireliya akwai shi. Tsutsarsa ma, koriya mai farin layi a gefe, ganyen dangin tafasa take ci. Tafasar da muke kwaɗawa da ƙuli-ƙuli da damina! Kai, da na faɗi haka sai da yawuna ya tsinke. Rabona da kwaɗon tafasa, sai dai Allah.

Malam-buɗe-littafin nan, na rani da na damina ma sun bambanta, na rani ƙasan fiffikensa ya fi ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa.

Duk mai zuwa nan, ina gaya masa, kada ya riƙe leda a hannu. Biran wurin nan ba su da mutunci, fizgewa suke yi. Ga wani can yana kallon jakata, bari in tashi.