Lacca: yadda ake gano tsatsa tun tana ɓoye ƙarƙashin fenti

Assalamu alaikum ɗalibai, da ku masu walda na Birnin Kebbi da kuka baro shagunanku kuka zo. Wanga ƙarfe da muke cewa stenles, Harry Brearley ne ya samar da shi a Sheffield ta Ingila a 1913, kuma sirrinshi shi ne kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, wanda ke haɗuwa da oksijin ya yi wata 'yar fata da ido bai gani. Amma gishiri na huda fatar nan ya bar ƙananan ramuka, shi ya sa ake ƙara mishi fenti ko wani rufi.

Toh matsalar ita ce fentin na iya yin ƙyalli alhali ruwa ya riga ya shige ƙasanshi, kai kana kallo kana cewa lafiya lau. Nan ne awon lantarki ke shigowa, domin ita tsatsa kanta tafiyar lantarki ce tsakanin ƙarfe da ruwa. Sai a tsoma ƙarfen cikin ruwan gishiri mai kashi 3.5, kamar na teku kenan, a sa wasu sanduna biyu, ɗaya ma'auni wadda ba ta canzawa, ɗaya ta filatinom ko girafait da wuta ke bi, a jona duka ukun da na'urar fotenshiyostat, wadda ke tura wutar tana kuma auna ta. Akwai hanyar Tafel, inda ake ɗan tura wutar sama da ƙasa a lissafa saurin cin ƙarfen, tana da amfani amma ta fi dacewa da ƙarfe tsirara.

Ni dai wadda na fi yarda da ita ga ƙarfe mai rufi ita ce hanyar auna ƙarfin tare wuta da ake kira EIS a taƙaice. Wuta 'yar kaɗan ake aikawa, kamar milibolt 10, mai kai da komo, daga mai sauri sau dubu 100 a sakan har zuwa mai tafiyar hawainiya, ana duba yadda rufin ke tare ta. Da om ake auna tare wuta, rufi mai kyau zai kai om biliyan 1 a murabba'in santimita, in ya faɗo ƙasa da miliyan 1 to ruwa ya samu hanya, kuma ba ka ɓata samfurin ba, gobe ma za ka sake aunawa.

Masu walda ku saurara don Allah, zafin walda na janye kuromiyam daga gefen ɗinkin, wurin ne tankin ruwa ko injin shinkafa ke fara yoyo, don haka in za ku kawo samfuri a auna ku yanko da ɗinkin a jikinshi.