Me ke shanye cajin modem?

Jama'a, assalamu alaikum. Wannan da kuke gani a hannuna MiFi ce, irin wadda ake sayarwa a shagunan unguwar PZ a Zariya. A cikinta akwai modem, wato ɓangaren da ke magana da ƙarfen sabis, kuma irinsa ne a wayarku, da na'urar POS, da ɗan abin bin sawu da ake maƙala wa keke napep. Da yawa sun ɗauka yawan data ne kaɗai ke cinye caji. Gaskiyar magana, abin da ya fi cin batir shi ne yawan farkawar modem, da wahalar da yake sha kafin ƙarfen sabis ya ji shi.

A 4G, hali biyu modem yake da shi: ko yana haɗe da ƙarfen sabis yana aikawa yana karɓa, ko yana zaman jira. Ga inda nake so ku kasa kunne. Idan ya gama aika saƙo, ba nan take yake kwanciya ba. Sai ya tsaya wasu daƙiƙu, galibi wajen 10, ko wani abu zai biyo baya, kuma kamfanin sadarwa ne ke yanke tsawon wannan tsayuwar. To, idan akwai manhajar da ke tura ɗan saƙo kowane rabin minti, ba ta sha wata data ba, amma ta hana shi runtsawa. Gara a tara saƙonni a tura su a tashi ɗaya.

Ko a zaman jira ma, barcinsa irin na mai jego ne, kunne na wajen jariri. Duk bayan daƙiƙa 1.28 ko 2.56 sai ya farka ya saurara ko ana nemansa, ya koma. Wannan shi ne DRX.

Ƙungiyar 3GPP, mai tsara dokokin sadarwar salula, ta ƙaro matakai biyu domin ƙananan na'urori. A 2016 aka kammala tsarin eDRX, wanda ya ja tazarar farkawa har kusan minti 44 a LTE-M, kusan awa 3 kuma a NB-IoT, nau'o'in sabis biyu da aka tsara don ƙananan na'urori. Kafin shi akwai PSM, wanda ya fi nauyin barci: rediyon a kashe yake, amma rajistarsa na nan a wajen kamfani, don haka in ya tashi ba sai ya sake gabatar da kansa daga farko ba. A ƙa'ida yana iya kai kwana 413 a haka.

Sai dai duk wanda ya neme shi a lokacin ba zai same shi ba. Na'urar auna damshin ƙasa a gonar Shika, wadda ke ba da rahoto sau ɗaya a yini, PSM ya dace da ita. Amma don Allah kada a sa wa abin bin sawun keke napep dogon barci, domin ranar da aka sace keken a Kwangila, ranar ce ake bukatar ya amsa nan take. Kuma modem roƙo kawai yake yi, kamfanin sadarwa ne ke da ta cewa kan tsawon barcin.

Saura maganar sabis. Ku dubi wannan shagon, rufin kwano, bango mai kauri irin na cikin birnin Zariya. A nan modem ɗaga murya yake yi, har miliwat 200 a 4G, in kuma ya faɗo 2G yana iya kai wat 2, wato miliwat 2,000. Shi ya sa za ku ji MiFi ta yi zafi a cikin durowa. Ku ɗora ta kusa da taga.

Inda babu sabis kwata-kwata, lalube yake ta yi, batir na tafiya a banza. Ku sa wayar a yanayin jirgin sama har ku fito. Masu haɗa na'urori kuwa, umarnin AT+CFUN=4 ne ke kashe rediyon, AT+CFUN=1 ya dawo da shi.